Fararen malam-buɗe-littafin nan da suka cika hanya, ɓarna suke yi ko wucewa kawai?

Direban Kongolam:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wa ya lura da abin da ke faruwa a hanyar Mai'adua zuwa Daura kwanan nan? Malam-buɗe-littafi ne farare, ba iyaka, suna tsallaka titi tun hantsi har la'asar. Abin da ya ɗaure min kai, duk gefe ɗaya suka nufa, babu mai juyowa, kuma ba sa yin sama sosai, iyakarsu tsayin mutum ko rufin mota. Kafin in shiga tasha sai na tsaya an wanke min gilashi. Wani fasinja ya ce alamar fari ce baɗi, wani ya ce sanyi ne za a sha bana. Masu ilimi a taimaka mana.

Mai Lambun Sabke:
Wa alaikumus salam. Direba ai kai da sauƙi, gilashi kawai suka ɓata maka. Ni kabejina suke neman gamawa da shi. Tun da suka bayyana ganye ya fara huji, na buɗe na ga tsutsa koriya ƙanana. Gobe da asuba zan goya famfo in yi musu feshi, duk wanda ya ratso lambuna sai ya mutu.

Malamar Bayoloji:
Yaya Mai Lambu, kafin ka kashe kuɗin magani, ka taimaka mana da hoto biyu: na malam-buɗe-littafin, da na tsutsar da ke cikin kabejin. In ka taɓa tsutsar kuma ka faɗa mana yadda take yi.

Mai Lambun Sabke:
Ga su nan Malama. Malam-buɗe-littafin yarona ne ya kamo shi da hula. Ita kuwa tsutsar da na taɓa ta sai ta hau mutsu-mutsu da baya da baya, ta sulalo daga ganyen ta rataye da wani siririn zare.

Malamar Bayoloji:
Madalla, hoton ya fito sosai. To Yaya, abu biyu ne daban ka haɗa, ba su da dangin iya ba su da na baba.

Wanda yaronka ya kamo masana na kiransa Belenois aurota. Wani Bature ɗan ƙasar Denmark mai suna Fabricius ne ya fara rubuta bayaninsa a 1793. In ya buɗe fukafukai faɗinsa santimita 4 ne zuwa 4 da rabi. Ku faɗaɗa hoton ku duba: ta sama fari ne, bakin fiffiken na gaba baƙi da ɗigo-ɗigon fari a ciki, sannan a tsakiyar fiffiken akwai wani baƙin zane mai lanƙwasa kamar lauje. Ta ƙasa kuwa duk jijiyoyin fiffiken an bi su da ruwan ƙasa mai duhu, tsakankaninsu fari ko rawaya-rawaya. Wannan na hoton namiji ne. Macen baƙin da ke bakin fiffikenta ya fi faɗi da kauri. Ba namu ne mu kaɗai ba, ana samunsa a kusan duk busassun sassan Afirka, da ƙasashen Larabawa, har Indiya da Siri Lanka.

Shi babban ba ya da haƙori ba ya da abin tauna ganye. Dogon baki gare shi siriri da yake naɗewa, ruwan fure kawai yake zuƙa da shi. Tsutsarsa ce mai ci, ita kuma tana da zaɓe ƙwarai. Anza take ci, da jiga, da ciciwa, da haujeri, da bagayi. Ba ta cin gero, ba ta cin wake, ba ta cin kabeji.

Ɗalibin Dutsin-Ma:
Anti Malama ki gafarce ni, amma a nan ban yarda ba. Yanzu na duba intanet, farin malam-buɗe-littafi yana cikin manyan maƙiyan kabeji a duniya. Har sunansa ma da kabeji aka haɗa. Kar mu sa bawan Allah ya yi asara.

Malamar Bayoloji:
Ƙanena abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai ba a kan wannan aka rubuta shi ba. Wancan Pieris rapae ne, ɗan Turai da Asiya da Arewacin Afirka. Ya bi kayan fatauci ya shiga Kanada wajen 1860, ya cika Amurka, daga baya ya isa Ostireliya da Niyu Zilan. Akwai kuma yayansa babba, Pieris brassicae, wanda ya ɓulla a Afirka ta Kudu a 1994. Su ne masu cin kabeji. Ka sake kallon hotonsu: ɗigon baƙi ɗaya ko biyu ne zagayayye a fiffike, ƙasan fiffiken kuma sumul babu zanen jijiya. Ka gwada da hoton Yaya Mai Lambu. Gida ɗaya suka fito, wato Pieridae, amma kowa da abincinsa.

Malamin Gona Zango:
Na goyi bayan Malama. Da na ji Mai Lambu ya ce tsutsar tana ja da baya ta rataye da zare, na san ko wace ce tun kafin in buɗe hoton. Tsutsar wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta ce, Plutella xylostella. Bai kai santimita ɗaya ba, toka-toka ne, da rana yana laɓe ƙarƙashin ganye, da magariba yake fitowa. Shi ya sa ba ka ganinsa, sai farin da ke yawo tsakar rana ka gani ka ɗora masa laifi. Ka girgiza kabejin da hannu, za ka ga ƙananan abubuwa sun yi fir sun tashi sun sake sauka nan kusa. Sannan ka ɗaga ganye ka duba rana ta cikinsa: tana cin naman ganyen ta ƙasa ta bar siririyar fata ta sama, daga baya fatar ta fashe ta zama huji.

In kuma ka ga an ci tsakiyar dashen tun yana ƙarami, ya ƙi naɗe kai ɗaya sai 'yan kawuna barkatai, wannan wata ce daban, Hellula undalis. Ita ma ta faɗa-wuta ce.

Mai Lambun Sabke:
Malam na ji. Amma ku yi min adalci, me ya sa sai da fararen nan suka zo hujin ya fara? Mu fa mun ga sharon a 2016, tumatir ya ƙone ƙurmus muna kallo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Malamin Gona Zango:
Allah ya kiyaye gaba, wannan shekara ba mai son tuna ta. Amma ita ma sharon ɗin, Tuta absoluta, ta faɗa-wuta ce mai yawon dare, haka tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a shekarar. Lokaci ne kawai ya haɗa su. Damina ta ɗauke, ku kun dasa kabeji, ruwan sama da ke wanke ƙananan tsutsa daga ganye babu shi, sai ta yi yawa. Su kuma fararen lokacin tashinsu ne ya yi.

Baba na Baure:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min. Ni ban yi boko ba, amma abin da yarinyar nan Malama ta faɗa na gan shi da idona tun ina kiwon awaki. In anza ta yi sabon toho, ka duba ganyen za ka ga ƙwai jere a tsaitsaye, da yawa wuri ɗaya, farare, kwana kaɗan su koma ja-ja. In suka ƙyanƙyashe tsutsar ba ta watsewa, tare suke kiwo, ganye ɗaya sai ka ga goma a kai. Mukan ji ƙarar kashinsu yana zuba kan busasshen ganye in wuri ya yi tsit. Su cinye daji tas, sai itace. Amma anza ba ta mutuwa da wannan, ta sake tohowa.

Kuma ku yaran yanzu kar ku rena anza. Shekarar yunwa ita ta riƙe mutane da yawa a nan da ƙasar Damagaram. 'Ya'yanta ake ɓarewa a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Wanda ya yi gaggawa ya ci ba ta jiƙu ba, cikinsa zai ba shi labari.

Malamar Bayoloji:
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka faɗa shi ne a littafi, ban da abin gyarawa. Bari in cika daga inda ka tsaya.

Macen kafin ta yi ƙwai sai ta sauka kan ganye ta bubbuga shi da ƙafafunta na gaba, domin a ƙafa take jin ɗanɗano. In ba ta ji abin da take nema ba ta tashi. To abin da take nema shi ne wannan ɗacin da Baba yake cewa ana jiƙawa ya fita. Anza da danginta suna da wani sinadari da ake ce wa gulukosinolet. In aka tauna ganyen sai ya rikiɗe ya zama mai yaji da guba, yawancin ƙwari ba sa iya kusantarsa. Shi wannan malam-buɗe-littafi da 'yan'uwansa masu cin kabeji Allah ya ba tsutsarsu wani furotin a ciki da ke karkatar da gubar ta zama abin da ba ya cutar da su. Garkuwar itacen ta koma alamar da ke kiran su.

Kuma ƙanena na Dutsin-Ma, ga inda maganarka take da tushe: kabeji da anza da gasaya da zogale da gwanda duk rukuni ɗaya ne a wurin masana tsirrai, duk suna da irin wannan sinadari. Shi ya sa 'yan'uwansa na Turai suka kama kabeji, namu ya kama anza.

Tsutsar tana saɓa sau huɗu tana girma, koriya ce mai duhun zane a gefe da 'yan gashi ƙanana. In ta ƙoshi sai ta manne wutsiyarta a jikin reshe ko ganye, ta ɗaura zare ɗaya a tsakiyarta, ta saɓa na ƙarshe ta daskare cikin ɓawo. Ba ta ci ba ta sha, ciki kuwa ana rushe jiki ana gina wani. Wajen mako guda ɓawon ya tsage ya fito da fukafukai a yamutse, ya tura ruwan jiki cikin jijiyoyinsu har su miƙe, su bushe, ya tashi. Daga ƙwai zuwa tashi, in da zafi, bai cika wata ɗaya ba. Wannan saurin ne asirin yawansu. In damina ta yi kyau anza ta yi toho, zuriya kan zuriya suke yi cikin ɗan lokaci.

Malamin Gona Zango:
Ɗan ƙari kan ɗacin nan. A Senegal an gwada zuba ɗanyen ganye da 'ya'yan anza cikin wake a rufe, an ga yana kashe ƙwaron wake. Ga masu ajiyar wake da ke zuba abin da bai kamata ba a buhu, wannan abin dubawa ne. Amma wata muhawara ce daban.

Makiyayin Mashi:
Kuna ta wanke shi kamar ba shi da laifi ko ɗaya. Mu da ke da raƙuma da awaki mun san zafinsa. Jiga ita ce koriyar da ke rage mana da rani in ciyawa ta ƙare. Shekarar da tsutsar nan ta yi yawa sai ka zo ka tarar ta riga ka. Baba ya ce tana sake tohowa, haka ne, amma kafin ta toho dabba me za ta ci?

Malamar Bayoloji:
Wannan gaskiya ce Malam, ba zan musa ba. A kan jiga kuna takara da ita. Abin da zan ce kawai, ba kowace shekara take kai haka ba, kuma ba ta daɗewa, domin ita ma tana da masu cinta: tsuntsaye, ƙadangare, hawainiya, gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, da wasu ƙananan dangin zanzaro da ke saka ƙwai cikin jikin tsutsar su cinye ta tana raye. Feshi a kan jiga kuwa ka san dabbarka ce za ta fara cin ganyen.

Makiyayin Mashi:
A'a ni ban ce a yi feshi ba. Na ce dai a rubuta masa laifinsa.

Baba na Baure:
Ɗana, ba tsutsa ta ƙarar da jiga ba, gatari ne. Da can daga nan zuwa iyaka ba ka tafiya kaɗan ba ka ga anza da jiga da bagayi ba. Yanzu an sassabe an yi gona, an tone saiwa an yi girki. Da aka zo dashen itatuwa kuma bedi aka cika ko'ina da shi. Bedi na da inuwa, ban ƙi ba, amma raƙumi ya fi son jiga. In da jigar na da yawa kamar da, da tsutsa ta ci, dabba ta ci, a bar saura.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tawa tambayar ta gida ce Malama. Wurin famfon unguwarmu inda ruwa ke kwanciya, sai su taru a kan taɓo su yi fari fat, yara na ta kamawa. Hannunsu duk farin gari. Kakarsu ta ce in garin ya shiga ido makanta yake sawa, ta hana su fita. Da gaske ne?

Malamar Bayoloji:
Maman 'Yan Biyu ki kwantar da hankalinki, ba ya makantarwa. In ya shiga ido zai yi ƙaiƙayi irin na kowace ƙura, a wanke da ruwa mai tsabta shi ke nan. Su dai wanke hannu. Garin nan ƙananan ɓawo ne da ke jere a kan fiffike, su ne launinsa, in an goge su sai ki ga fiffiken ya koma garai-garai kina hango yatsanki. Ba sa sake fitowa, don haka yaran ne suke yi wa malam-buɗe-littafin illa.

Na kan taɓon kuma kusan duk maza ne. Ba ƙishirwa kaɗai ke kai su ba, gishiri suke nema, wanda babu shi sosai a ruwan fure. Shi ya sa za ki gan su inda dabbobi suka yi fitsari, wani lokaci har kan gumin mutum. Namijin yana miƙa wa macen wani kaso na wannan gishiri lokacin barbara, ya amfani ƙwanta.

Wani abu da ke burge ni, tunda ke uwa ce. Farin nan nasu daga wasu sinadarai yake da ake kira terin, kuma a fiffiken irin waɗannan malam-buɗe-littafi aka fara gano su. Wani masani ɗan Ingila, Frederick Gowland Hopkins, shi ya fara bincikensu wajen 1889, daga baya ya samu kyautar Nobel a 1929 kan aikinsa na bitamin. Ƙwayar folik asid ɗin nan da ake ba mu wurin awo, akwai dangin wannan sinadari a ƙirarta.

Maman 'Yan Biyu:
Ikon Allah! To zan faɗa wa kaka, amma na san ba za ta janye ba.

Ɗalibin Dutsin-Ma:
Anti, na fita bayan makaranta na duba. Akwai wasu fararen da suka fi na hoton girma, ba su da baƙin zane, suna da gudu sosai, har da rawaya a cikinsu. Su ma su ne?

Malamar Bayoloji:
A'a, waɗannan Catopsilia florella ne, faɗinsu ya kan kai santimita 6. Namijin fari ne mai ɗan sirkin kore, macen wata rawaya wata fara. Nasu abincin tafasa ne da rai-ɗore da filasko, kuma ƙwai ɗai-ɗai macen ke ajiyewa, ba tari ba. Su ma matafiya ne, sukan cakuɗu da waɗancan a hanya ɗaya. Ka duba tafasar da ta rage a bakin rafi za ka samu tsutsar, koriya ce ta saje da ganye. Najeriya na da irin malam-buɗe-littafi fiye da 1,000, yawancinsu a dazukan kudu. Namu na arewa ba su kai can yawa ba, shi ya sa in mutum ya sa kai cikin damina ɗaya zai san manya-manyansu.

Direban Kongolam:
Malama duk na ƙaru, amma ba a amsa ta fasinjojina ba. Ina za su, kuma alamar me ce?

Malamar Bayoloji:
Labarin abin da ya wuce suke ba ka, ba na abin da ke zuwa ba. Yawansu na nufin inda suka fito an samu ruwa, itatuwansu sun yi toho, sun hayayyafa har wurin ya yi musu kaɗan. Sai su tashi neman wani. Mata na sauka suna yin ƙwai a hanya duk inda suka samu anza ko jiga, da yawa kuma a hanyar suke ƙarewa, wasu a bakin tsuntsu wasu a gilashinka. Wanda ya tafi ba ya dawowa, domin ran babban makonni kaɗan ne.

Inda aka fi sanin wannan tafiya tasu shi ne Afirka ta Kudu. Wajen Disamba da Janairu, lokacin daminarsu, suke tasowa daga busassun yankunan Kalahari da Karu su nufi arewa maso gabas, ɓangaren Mozambik, su ratsa ta tsakiyar Johannasbag miliyoyi. Can ma wata 'yar'uwar anza ce ke ciyar da su, Boscia albitrunca.

Liman na Sandamu:
Ni abin da zan tsoma baki a kai shi ne maganar alama. Gaibu sai Allah. A daina tsorata talakawa da cewa ƙwaro ya ce za a yi fari, wani sai ya ji ya ɓoye hatsi farashi ya tashi a kan banza.

Mai Lambun Sabke:
To Malamin Gona, mu koma kan kabeji. Na girgiza na ga ƙananan da ka ce, suna nan da yawa. Amma ni dai har yanzu in na ga farin nan a kan fangalina gabana faɗuwa yake. Wane magani zan saya? Wanda na yi amfani da shi bara sau nawa ina fesawa kamar ruwa nake zuba musu.

Malamin Gona Zango:
Ba kai kaɗai ba ne. Wannan ɗan ƙaramin faɗa-wuta ya shahara da gagara. Tun 1953 aka ga ya daina jin maganin ƙwari na DDT a Indunusiya, daga nan kusan duk maganin da aka dage masa da shi sai ya saba. Maimaita magani ɗaya kowane mako shi ke ƙara masa ƙarfi, kuma yana kashe ƙananan zanzaron da ke taya ka yaƙi.

Ga abin da nake ba mutanena shawara. Ka tara 'ya'yan bedi busassu, ka ɓare, ka daka ƙwayar. Giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kar ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, rana na kashe ƙarfinsa, kuma ka juya bakin famfon ya bugi ƙarƙashin ganye inda tsutsar take. Ba ya kashewa nan take, hana ta ci yake yi ya hana ta saɓa, don haka kar ka zo washegari ka ce bai yi ba. Ka maimaita bayan mako. In ka cire kabeji kada ka bar kututture da tsohon ganye a fangali, kuma kada ka dasa sabo jikin tsoho. In abin ya fi ƙarfin bedi ka nemi mai Bt, wato maganin da ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa, ko wani na daban da na bara, ka riƙa sauyawa.

Mai Lambun Sabke:
Bedin ba zai sa kabejin ɗaci ba? Masu sari daga Daura ba sa wasa, in suka ɗanɗana suka ji wani abu sai su karya farashi.

Malamin Gona Zango:
Ka tsayar da feshin kamar mako guda kafin yanka, ka kuma ɓare ganyen waje kamar yadda ka saba. In kana shakka raba lambun biyu, rabi bedi rabi naka maganin, ka ƙirga tsutsa a kai goma-goma kowane ɓangare ka turo mana. Ranar Laraba ina Mai'adua, in ka turo min kwatance ta akwatin sirri zan biyo in gani da idona.